Keken Tsere a Ingila: Yadda Ya Sauko Har Baƙo Ya Iya Saye

Keken tsere shi ne siririn keken nan mara nauyi, mai siraran tayu da kai lanƙwasasshe da ya sunkuyo ƙasa kamar ƙahon rago. Ba shi da kariya, ba shi da murfin sarƙa, ba shi da abin jinginewa, don duk abin da zai ƙara masa nauyi an cire shi. An yi shi ne don cin dogon zango a kan kwalta, mahayi na duƙe. A Ingila ta yau, ɗalibin da ya zo karatu daga wata ƙasa, ko ma'aikaciyar jinyar da ta zo aikin asibiti, na iya mallakar irinsa da kuɗin da bai kai hayar ɗaki ta wata guda a Landan ba. Ba da wannan araha aka fara ba. Ta samu ne sannu a hankali cikin shekara fiye da ɗari, kuma kusan kowane karo hanya ɗaya ta biyo: masu hali su yi rububin keke, masana'antu su cika kasuwa, yayi ya wuce, sannan mai ƙaramin ƙarfi ya tsinci nasa.

Sana'ar ta soma ne a Coventry, wani birni a tsakiyar Ingila da aka sani da saƙar siliki da haɗa agogo. Yarjejeniyar ciniki da Birtaniya ta ƙulla da Faransa a 1860 ta buɗe wa silikin Faransa ƙofa, masaƙan garin suka durƙushe, agogon ƙasashen waje kuma ya matsa wa masu agogo. Gari ya cika da mutane masu hannun aikin ƙarfe na gani na faɗa, amma babu aikin yi. A ƙarshen 1868 wani saurayi mai suna Rowley Turner ya taho daga Faris da wani keke mai ƙafafun katako, feda a manne da ƙafar gaba, ya shawo kan wani kamfanin keken ɗinki na garin ya ƙera ɗaruruwa don a kai Faransa. Yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Jamusawa ya rufe waccan kasuwa, dole aka nemi masu saye a gida. Babban makanikin kamfanin, James Starley, shi ya fito daga baya da keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar mitsitsiyar ƙafar baya. Yana da gudu, amma in ya ci karo da dutse mahayi da ka yake sauka, kuma samarin gidajen masu kuɗi ne kaɗai ke iya sayensa.

Abu biyu suka sauya komai. A 1885 ɗan ɗan'uwan Starley, John Kemp Starley, ya fito da keken Rover mai ƙafafu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya, wato siffar da keke ke da ita har gobe. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi taya mai iska. Daga nan mata da dattawa da duk wanda ke tsoron karyewa suka iya hawa. Tsakanin 1895 da 1897 keke ya zama abin yayi a Landan, manyan mutane na zagaya lambunan birni a kansa don a gan su. Keke mai kyau na iya kai fam 20 a lokacin da lebura ke ɗaukar kusan fam ɗaya a mako. Masu hannun jari suka yi ta zuba kuɗi, kamfanoni suka yi ta ɓullowa a Coventry da Birmingham da Nottingham. Ba a jima ba kasuwar ta faɗi warwas. Kekuna masu araha sun shigo daga Amurka, manyan mutane sun gaji sun koma sha'awar mota, kamfanoni da dama suka rufe. Kekunan da aka hau bazara ɗaya ko biyu suka dawo shaguna a matsayin na hannu, a nan ne akawu da magini da ma'aikacin masaƙa suka fara samun nasu. Ƙungiyar mahaya ta Clarion, wadda 'yan gurguzu suka kafa a Birmingham a 1894, ta bunƙasa ne da irin waɗannan mutane, waɗanda ke fita ƙauyuka ranar Lahadi suna raba takardun siyasa.

Daga cikin kamfanonin da suka tsira akwai Raleigh. Asalinsa wani ɗan shago ne a titin Raleigh da ke Nottingham, inda ake haɗa kekuna ƙalilan a mako. Wani lauya mai suna Frank Bowden, wanda ya yi dukiya a Hong Kong ya dawo gida ba lafiya, likita ya ba shi shawarar hawa keke, ya ji daɗin abin, ya sayi shagon, aka kafa kamfani a 1888. A 1902 Raleigh ya soma sa giyar Sturmey-Archer, wadda ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, ba ruwanta da laka ko ruwan sama. Amma wanda ya karya farashi da gaske shi ne Hercules na Birmingham, da 'yan'uwa biyu, Edmund da Harry Crane, suka kafa a 1910. Dabararsu ita ce ƙera kusan kowane ɓangare da kansu, da yawa, iri ɗaya. A shekarun 1930 ana samun sabon keke a ƙasa da fam 5, kuma ko shi ɗin ba lakadan ake biya ba. Mai shago zai karɓi kafin alƙalami, sauran a riƙa biya sule kaɗan duk mako. Wasu 'yan kasuwa sun mai da wannan tsari tarko, mutum ya kusa gama biya ya makara mako ɗaya a zo a ɗauke kayan, har sai da majalisa ta yi doka a 1938 cewa wanda ya biya sulusin kuɗi ba a ƙwace masa kaya sai da izinin kotu.

Waɗannan masana'antu ne suka cika Afirka ta Yamma da kekuna. Baƙin Raleigh mai birkin sanda da ƙatuwar ƙafa, wanda malamin makaranta da akawun En'e da manomin da ya sayar da gyaɗa suka riƙa alfahari da shi a ƙasar Hausa, daga Nottingham ya fito, kuma Nijeriya ta zama babbar kasuwa ga kamfanin har ya buɗe masana'anta a Kano. Sai dai wancan keken ɗaukar kaya ne, an yi shi don ya jure buhun hatsi da hanyar burji. Keken tsere bai biyo jirgin da ya kawo su ba, shi ya sa mutumin da ya tashi a Kano ko Damagaram kan je Turai ya tarar da wani keke dabam da wanda ya sani, mai nauyin da bai kai rabin na gida ba.

Shi keken tseren a Ingila a ɓoye ya girma. A 1890 hukumar da ke kula da wasan keke, don tsoron kada 'yan sanda su hana hawa keke a titi gaba ɗaya, ta haramta tsere a kan hanya, ta ce a koma fili. Mahaya ba su daina ba, dabara suka sauya. Daga 1895, bisa tsarin da Frederick Bidlake ya fito da shi, aka riƙa yin tsere da agogo: a taru da asuba a wata hanyar ƙauye da ba a faɗi sunanta a jarida, kowa sanye da baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu, a riƙa sakin mutum ɗaya bayan kowane minti, mai agogo na jira a ƙarshe. Ɗan sandan da ya gani zai ɗauka wani ne kawai ke sauri. Haka aka yi ta yi kusan shekara hamsin, alhali a Faransa tun 1903 ake gasar Tour de France a bainar jama'a. Sai a 1942 wani mai shagon keke, Percy Stallard, ya nemi yardar 'yan sanda ya shirya tseren taron dangi na mil 59 daga Llangollen zuwa Wolverhampton. Hukuma ta dakatar da shi, magoya bayansa suka kafa tasu ƙungiya, rigimar ba ta mutu ba sai da aka haɗe a 1959.

Masu wannan wasa ma'aikata ne, masu haƙar kwal da makanikai da masu aikin masaƙa, kuma akasarinsu keke ɗaya gare su. Shi ake zuwa aiki da shi Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi a hau shi zuwa wurin tsere da ƙafafun gasa a ɗaure a gefen ƙafar gaba, a cire madigadi a jingine a gindin shinge, a yi tsere, a mayar da komai, a hau a koma gida. Da yawa giya ɗaya tak ke gare su. Beryl Burton, mutuniyar Yorkshire da ta yi aiki a gona, a irin wannan rayuwa ta taso, kuma a 1967 ta yi mil 277 da 'yan kai cikin awa 12, abin da ya zarce bajintar maza ta lokacin.

Irin waɗannan mahaya ba wajen manyan masana'antu suke zuwa ba. Kowane gari na da nasa maƙerin firam a bayan shago: Claud Butler da Hetchins da Condor a Landan, Mercian a Derby, Bob Jackson a Leeds, Jack Taylor da 'yan'uwansa a Stockton. Mutum zai je a auna tsayinsa da tsawon ƙafarsa, a yanka bututun ƙarfe daidai jikinsa, a cusa cikin mahaɗai, a narka tagulla a liƙe, a goge da magagari. Bututun da kowa ke nema shi ne na kamfanin Reynolds na Birmingham, wanda tun 1897 ya gano yadda ake yin bututu mai kauri a baki, siriri a tsakiya, ya yi ƙarfi inda ake buƙata ba tare da nauyi ba. A 1935 ya fito da samfurin 531, kuma shekaru arba'in bayan haka 'yar takardar nan mai lamba 531 da ke manne a firam ita ce shaidar keken ƙwarai. Saurayi mai ƙaramin albashi firam kaɗai yake fara saye, ya ɗebo ƙafafu daga tsohon kekensa, ya sayi birki na hannu wajen wani ɗan ƙungiya, giyar Campagnolo ta Italiya kuwa sai dai ya tsaya yana kallonta ta gilashin shago har ya tara kuɗinta. Harajin sayen kaya da aka sa a 1940 ya ƙara wa wannan al'ada ƙarfi, tunda cikakken keke ake caza, ba ɓangarorinsa ba.

Mota ce ta kashe wannan zamani. An daina rabon man fetur da kati a 1950, albashi ya ƙaru, saurayin da a da zai tara kuɗin firam ya koma tara na babur, daga baya na ƙaramar mota. Claud Butler ya karye kafin ƙarshen shekarun 1950, aka sayar da sunansa. Manyan kamfanoni suka shiga haɗiye juna: Raleigh ya sayi Triumph a 1954 da sashen keke na BSA a 1957, shi ma a 1960 kamfanin Tube Investments, mai Hercules da Reynolds, ya saye shi. Kekunan ƙwarai da aka ƙera da hannu suka koma ɗakunan shirgi a bayan gidaje, wasu aka ba da su kyauta. A shekarun 1970 an sake yayin keken tsere, wannan karon tsakanin 'yan makaranta, iyaye na saye ta littafin talla suna biya duk mako. Yawancinsu suna ne kawai: kai lanƙwasasshe da giya goma a kan firam mai nauyin tsiya, da rim na ƙarfe da birki ba ya kama shi in an yi ruwa. Duk da haka Raleigh ya nuna yana iya yin na gaske, domin a kan kekensa Joop Zoetemelk na Holan ya ci Tour de France a 1980. Bayan nan keken hawa dutse mai faffaɗan taya ya zo daga Amurka ya share kasuwa, har ya zama a shekarun 1990 mai keken tsere a titin Ingila ana yi masa kallon ɗan wata ɗariƙa.

Yayin da ake wannan, sana'ar ta riga ta tashi zuwa gabas. Kamfanin Shimano, wanda aka kafa a Sakai ta Japan a 1921, ya yi abin da Turawa suka raina: ya riƙa ƙirƙiro sabon abu a kayansa mafi tsada, bayan 'yan shekaru ya sauko da shi ga masu araha. A 1984 ya fito da giyar da ke shiga gurbinta da ƙara ɗaya, ba sai mahayi ya yi ta lalube ba. A 1990 ya haɗa hannun giya da hannun birki wuri ɗaya, aka huta da sakin kai don miƙa hannu ƙasa. Yau kayansa hawa-hawa ne, daga Claris da Sora da Tiagra zuwa 105 da Ultegra da Dura-Ace, kuma sunan da ke rubuce a hannun birki shi ke fara gaya wa mai saye darajar keke. Gaskiyar magana, bambancin da ke tsakanin na ƙasa da na sama nauyi ne da laushi. Sora ta yau ta fi abin da zakarun 1980 suka yi tsere da shi sauƙin aiki.

Firam kuma ya koma Taiwan. Giant da Merida, waɗanda duka aka kafa a 1972, sun fara ne da yi wa kamfanonin Yamma aiki ana manna sunan wasu, har suka ƙware a waldar alminiyam fiye da iyayen gidansu. A tsakiyar shekarun 1990 Giant ya ɗauki wani Bature ɗan Ingila, Mike Burrows, wanda ya zana keken da Chris Boardman ya ci zinare da shi a gasar Olamfik ta 1992. Burrows ya karkatar da sandar sama ta firam ta gangaro baya, ya zama ana iya daidaita keke ɗaya ga mutane masu tsayi daban-daban ta hanyar ɗaga sirdi kawai. Maimakon a ƙera girma goma, uku ko huɗu sun wadatar, mai masana'anta da mai shago duk suka rage asara. Wannan ƙaramin sauyi ya rage farashin keken tsere fiye da yadda ake ba shi daraja. Tarayyar Turai ta sa wa kekunan Sin haraji mai nauyi tun 1993, ta ƙara shi zuwa kashi 48.5 cikin ɗari a 2005, amma hakan bai dawo da aikin Nottingham ba, sai dai ya tura shi wasu ƙasashen Asiya. Raleigh ya daina ƙera firam a garinsa a 1999, ya daina haɗa keke a can a 2002. Wani ɓangare na filin masana'antar yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce, inda ɗalibai daga ƙasashe da dama ke ɗaure kekunan Asiya a bakin ajujuwa.

Yayi na uku gwamnati da lambobin zinare suka kawo shi. An gina filin tseren keke na Manchester a 1994, kuɗin cacar ƙasa ya soma shiga wasanni a 1997, Birtaniya ta ci zinare takwas a wasan keke a Beijing a 2008, ta sake cin takwas a Landan a 2012, a shekarar da Bradley Wiggins ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya ci Tour de France. Magidanta masu matsakaicin shekaru da kuɗi a aljihu suka yi dafifi zuwa shaguna. Akwai kuma tsarin Cycle to Work da aka kafa a 1999, inda ma'aikata ke saya wa ma'aikaci keke, a riƙa cirewa daga albashinsa kafin a yanke haraji. Shekaru da dama iyakar kuɗin a aikace fam 1,000 ce, sai kamfanoni suka riƙa tsara kekuna su tsaya daidai ƙasa da wannan adadi, har aka ɗage iyakar a 2019. Tsarin na da aibu ɗaya: sai mai albashi, kuma ba a yarda cirewar ta sauko da mutum ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba. Ke nan ɗalibi da mai share ofis da mai kula da tsofaffi, waɗanda suka fi kowa buƙatar keke, su ne tsarin ya fi tsallakewa.

Waɗannan mutane, manyan kantuna ne suka ɗauke su. Halfords, wanda asalinsa shagon kayan ƙarfe ne a Birmingham a 1892, na sayar da kekunan Carrera, kuma daga 2007 ya soma sayar da kekuna masu sunan Boardman. Decathlon na Faransa, wanda Michel Leclercq ya kafa kusa da Lille a 1976, ya buɗe kantinsa na farko a Landan a 1999. Wajen 2012 yana sayar da wani jan keke mai suna Triban 3 a kan kusan fam 300, da firam na alminiyam da cokalin gaba na kabon. 'Yan ƙungiyoyi sun fara yi masa kallon raini, daga baya da yawansu suka saye shi don hawan hunturu, lokacin da ake zuba gishiri a titi yana cin kayan keke.

Amma inda baƙo ya fi samun rabonsa ita ce kasuwar na hannu, wadda ita ma tana da nata tarihi. A da ana neman keke ne a shafukan talla na mujallar Cycling, da aka fara bugawa a 1891, ko a mujallar talla ta Exchange and Mart, ko a 'yar takardar da aka manna a tagar mai jarida, ko a kasuwar tsofaffin kayan keke da ƙungiyoyi ke ci a ɗakin taron ƙauye. Akwai kuma kasuwannin titi irin na Brick Lane a gabashin Landan, wadda ta yi ƙaurin suna cewa wanda aka sace wa keke ranar Asabar ya je can ranar Lahadi. Wata tsohuwar dokar Ingila ta daɗe tana rufa wa irin wannan ciniki asiri, domin ta ce abin da aka saya a buɗaɗɗiyar kasuwa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, da zuciya ɗaya, ya zama na mai saye ko da na sata ne. An soke ta daga farkon 1995. Yanzu wanda ya sayi keken sata ba shi da iko da shi, in mai shi ya gane abinsa 'yan sanda za su karɓa, kuɗi kuma sun tafi. Intanet ta kwashe cinikin daga titi. Shafin Gumtree, da aka buɗe a Landan a 2000, an yi shi ne tun farko don baƙi 'yan Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu masu neman ɗaki da aiki da kayan da wani mai komawa gida zai bari. Daga baya eBay da kasuwar Facebook suka raba cinikin da shi. Wasu ƙungiyoyin agaji ma sun shigo: The Bike Project a Landan na gyara kekunan da aka watsar ta ba 'yan gudun hijira, ta sayar da wasu, Re-Cycle kuma na loda tsofaffin kekuna a kwantena zuwa ƙasashen Afirka, ciki har da Ghana.

Cinikin na hannu na da ƙa'idojinsa da aka gada. Mai saye kan kifa keken ya duba lambar da aka buga a ƙarƙashin firam, wajen da feda ke juyawa, ya bincika ta a rajistar BikeRegister da 'yan sanda ke amfani da ita. In an kankare lambar, ko mai sayarwa ya ce a haɗu a bakin tashar jirgi da dare, ko keken fam dubu ne ana neman fam ɗari, magana ta ƙare. Sannan a bi bakin walda da ido ana neman tsaga, a murza ƙafa a ga ko tana layi, a shafa gefen rim da yatsa, in ya yi kwari birki ya cinye shi. A kwance sirdi a ga ko sandarsa na motsi, domin in ta manne da firam ba kowane makanike ke iya raba su ba. Haƙoran giya in sun yi tsini, sarƙa da su duk sai an sauya, kuma ladan gyara a Ingila na iya ninka kuɗin keke mai araha. Tsohon firam na kabon a hannun wanda ba a sani ba shi ne mafi haɗari, don yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya lau. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi kuwa shi ne sayen keken da ya fi shi girma don ya ga araha, ya ƙare da ciwon baya da na wuya.

Akwai abubuwan ƙasar da kan ba baƙo mamaki. A Birtaniya hagu ake bi, kuma birkin gaba a hannun dama yake, saɓanin kekunan Faransa da Amurka, don haka wanda ya saba da wancan ya matse da ƙarfi zai iya tsintar kansa a ƙasa. Doka ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya da dare, ba ta wajabta hular kwano ba, ko da yake yawancin ƙungiyoyi na son a sa. Bakin tiyub na keken tsere siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba. Ga kwaɗo, wanda a biranen jami'a irin su Oxford da Cambridge, inda satar keke ta zama ruwan dare, ba a yi masa rowa. Wanda ya saya a shago dokar 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya in ya sami aibu, wanda ya saya a hannun mutum kuwa kariyarsa kaɗan ce. In aka tara waɗannan, mai fam 300 gara ya sayi keken fam 200.

Annobar korona ta maimaita 1897 cikin shekara uku. A 2020 gwamnati ta bar shagunan keke a buɗe lokacin kulle, ta raba takardun fam 50 na gyara, mutane suka guje wa bas da jirgi, kekuna suka ƙare a kantuna, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Shaguna suka yi odar kaya masu yawa daga Asiya, kayan suka iso bayan kasuwa ta watse. A Oktoban 2023 Wiggle, babban mai sayar da kayan keke ta intanet, wanda ya haɗe da Chain Reaction Cycles, ya faɗa hannun masu raba bashi. A daidai lokacin kuma birki mai faifai, wanda aka amince da shi a manyan gasa tun 2018, ya mamaye sababbin kekuna, masu kuɗi suka shiga rabuwa da tsofaffin nasu masu birkin rim ba don sun lalace ba. Saboda haka keken da ya fi dacewa da aljihun baƙo a yau shi ne na alminiyam mai birkin rim da giyar Sora ko Tiagra, wanda wani ya saya cikin zumuɗin 2012 ko na 2020, ya hau shi 'yan watanni ya jingine a gareji. An fi samun irinsa da sauƙi a watan Yuni da Yuli, lokacin da ɗaliban da suka gama ke tattara kaya, ya kuma yi tsada a ƙarshen Satumba in sababbi sun iso.